Ya yi mini alkawarin lamba ta ɗaya a Google cikin kwana 14: in biya shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan sola a wajajen Ƙofar Ƙaura cikin birnin Katsina, inda nake sayar da faranti, batura, inbata da injinan ban ruwa. Bara aka buɗe mini shafin intanet, amma har yau babu mai sayen da ya ce ta can ya same ni. Kwanan nan wani ya turo mini saƙo ta WhatsApp cewa kamfaninsu yana aikin SEO, kuma idan na biya naira 180,000 za su ɗora shafina a lamba ta ɗaya a Google cikin kwana 14, su haɗa mini da mahaɗai 5,000, wato links da ake latsawa daga wasu shafuka a zo nawa. Ya ce suna da mutanensu a cikin Google, kuma yana son rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami tare da kalmar sirrin shafin. Shin aikin gaskiya ne? Ta yaya zan gane na ƙwarai a cikin masu wannan sana'a?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka tura kuɗin a kan wannan sharaɗi, kuma kada ka ba da kalmar sirrin. Aikin SEO, wato gyara shafi yadda injin bincike zai fahimce shi ya riƙa nuna shi ga masu nema, sana'a ce ta halal, ni ma da ita nake ci. Matsalar tana ga abin da mutumin nan yake sayar maka, domin ba mallakarsa ba ne. Jerin sakamakon bincike yana hannun Google, shi yake tsara shi, kuma yana sauya ma'auninsa sau da yawa a kowace shekara ba tare da neman izinin kowa ba. A cikin shawarwarin da Google ya wallafa domin masu shafuka ya faɗa ƙarara cewa babu wanda zai iya lamunce wa kowa lamba ta ɗaya, ya kuma ja kunne a kan masu da'awar cewa suna da wata alaƙa ta musamman da shi. Ka ga abubuwa biyun da aka ce a guje musu, duka suna cikin saƙo ɗaya da aka turo maka. Wannan shi ne cinikin biri a sama.

Kafin mu auna mutumin, ya kamata ka san abin da ke faruwa idan wani ya rubuta kalma a Google. Kamfanin yana da manhajoji da ke zagaya intanet dare da rana suna karanta shafuka, suna bin mahaɗi daga wannan shafi zuwa wancan, suna adana abin da suka karanta a wata katafariyar ma'ajiya. Idan mai nema ya rubuta tambayarsa, daga wannan ma'ajiyar ake zaƙulo shafukan da suka dace, a jera su bisa ma'aunai masu yawa: ko abin da ke shafin ya amsa tambayar, ko wasu shafuka masu mutunci suna nuni zuwa gare shi, ko yana buɗewa da kyau a waya, da inda mai neman yake tsaye. Shigar da shafi cikin wannan ma'ajiya kyauta ne, kuma ba a sayen gurbi a jerin.

Daga nan za ka fahimci cewa ita kanta "lamba ta ɗaya" ba kujera ɗaya ba ce kamar kujerar sarauta. Wanda ya rubuta "kayan sola" yana Ƙofar Marusa, da wanda ya rubuta hakan yana Daura, da wanda ya rubuta yana Legas, kowa da abin da zai gani. A fuskar waya ma hawa-hawa ne: a can sama akwai tallace-tallacen da aka biya wa kuɗi, waɗanda ake sa wa alamar "Sponsored", ƙasa da su sau da yawa taswira ce da shaguna uku na kusa, sannan jerin shafukan da suka hau da cancantarsu. Saboda haka duk wanda ya ce zai kai ka lamba ta ɗaya, tambayar farko ita ce a kan wace kalma, ga mai nema daga wane gari, kuma a wane hawa. Na lura saƙon da aka turo maka bai ambaci ko ɗaya ba, kuma a wannan giɓin ne wayon yake.

Akwai hanyoyin da irin waɗannan mutane suke bi su "cika" alkawari ba tare da sun amfane ka ba. Mafi sauƙi ita ce su zaɓi kalmar da babu mai takara a kanta. Bayan kwana 14 za a turo maka hoton fuskar waya, an rubuta cikakken sunan shagonka haɗe da Ƙofar Ƙaura da Katsina, ga ka kuwa a sama. To, dama wa zai fito a kan sunanka idan ba kai ba? Wanda ya riga ya san sunan shagonka ai ba sabon mai saye ba ne. Mai sayen da kake nema shi ne manomin rani daga Ajiwa ko Jibiya da ya rubuta "injin ban ruwa mai aiki da hasken rana" ko "farashin batirin sola a Katsina" bai taɓa jin labarinka ba.

Wata hanyar ita ce su yanki wani abu daga kuɗinka su sayi talla a Google Ads. Wannan kam yana iya kai ka sama a yini guda, kuma talla ba laifi ba ce idan ka san ita ka saya. Sai dai ana cire kuɗi ne duk lokacin da wani ya latsa, ranar da kuɗin suka ƙare ranar za ka ɓace, kuma sayen talla ba ya ƙara wa shafi matsayi ko kaɗan a jerin da ba na kuɗi ba. Wanda ya sayar maka da talla da sunan SEO ya yi maka zamba cikin aminci.

Hanyar da ta fi haɗari ita ce ta mahaɗai 5,000 ɗin nan, kuma a kanta zan ɗan tsaya. Lokacin da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, abin da ya bambanta shi da sauran injinan bincike shi ne tsarin PageRank, wanda yake ɗaukar mahaɗi daga wani shafi zuwa naka a matsayin shaida, kamar yadda a kasuwa idan manyan 'yan kasuwa suna turo maka masu saye ake gane kana da amana. Da mutane suka gano haka sai aka buɗe kasuwar shaidar zur: ana ƙirƙiro dubban shafukan bogi, ana watsa mahaɗai a wuraren sharhi, ana sayar da su a kan kuɗi kaɗan. Dabarar ta yi aiki na wasu shekaru, har manyan kamfanoni sun faɗa cikinta. A watan Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo yadda babban kantin J.C. Penney na Amurka yake fitowa a sama a kan kalmomi masu yawa ta hanyar mahaɗan da aka dasa a shafukan da ba su da wata alaƙa da kayansa. Google ya hukunta shi, a wasu kalmomin ya faɗo daga lamba ta ɗaya zuwa ƙasa da ta sittin, kantin ya ce bai san da aikin ba, ya kuma sallami kamfanin da ke yi masa SEO. Abin lura a nan shi ne hukuncin a kan mai shafi ya sauka. Kafin wannan, a 2006, Google ya taɓa cire shafin kamfanin motoci na BMW na Jamus daga jerinsa na ɗan lokaci, saboda yana nuna wa manhajar Google shafi cike da maimaita kalmomi, yana nuna wa mutane wani daban. Idan ba a ɗaga wa BMW ƙafa ba, ba shagon Ƙofar Ƙaura za a ɗaga wa ba.

A watan Afrilun 2012 Google ya fito da gyaran da ake kira Penguin domin yaƙar irin waɗannan mahaɗai, a 2016 kuma ya shigar da shi cikin ainihin tsarinsa, yana aiki kullum. A yau abin da ya fi faruwa shi ne Google ya gane mahaɗan bogi ya yi watsi da su kamar babu, wato ka biya kuɗin iska. Idan abin ya yi ƙamari, ma'aikacin Google yana iya sa wa shafin takunkumi da hannunsa, kuma cire shi yana buƙatar a bi mahaɗan a goge ko a barranta daga gare su, a rubuta takardar neman sake dubawa, a zauna jira. Ka yi lissafin da kanka ma: ko da an ce kuɗin gaba ɗaya na mahaɗan ne, naira 180,000 a raba gida 5,000 ya kama naira 36 kowane ɗaya. Wace jarida ko wace hukuma ce za ta ambaci shagonka a shafinta a kan naira 36? Manhaja ce take zuba su, a shafukan caca da na magungunan bogi da na harsunan da ba ka taɓa ji ba. Mahaɗi guda daga shafin kamfanin da kake dillancin farantansa, ko daga wata jaridar Hausa da ta ba da labarin aikin da ka yi wa wata makaranta, ya fi su duka.

Akwai ƙanin wannan dabarar da ya yi yawa a 'yan shekarun nan, wato a cika maka shafi da ɗaruruwan rubuce-rubucen da manhajar ƙirƙirarriyar basira ta zubo, babu wanda ya karanta balle ya gyara. A watan Maris na 2024 Google ya ƙara wannan a fili cikin laifuffukan da yake hukunci a kansu, wato tara rubutu barkatai domin yaudarar jeri kawai, ko mutum ne ya rubuta ko na'ura. Haka kuma idan ka ji ana cewa za a cusa maka "ɓoyayyun kalmomi" a bayan shafi, ka sani tun 2009 Google ya bayyana cewa ba ya amfani da gurbin da ake zuba irin waɗannan kalmomi a bayan shafi, wanda ake kira keywords meta tag, wajen jera shafuka. Za kuma a iya nuna maka wani maki da ake kira Domain Authority, a ce ya tashi daga 5 zuwa 40. Makin na wani kamfani ne mai suna Moz, ƙiyasinsa ne, Google ba ya aiki da shi, kuma ana iya kumbura shi da irin waɗancan mahaɗan.

Batun kalmar sirri ya fi batun kuɗin damuna. Na taɓa karɓar aikin wani masaukin baƙi a nan Katsina wanda ya ba wani mai irin wannan alkawari ragamar shafinsa. Da suka saɓa sai aka tarar adireshin shafin da sunan mutumin aka sabunta rajistarsa, shagon da ke kan taswirar Google ma a asusunsa yake, kuma an dasa wasu mahaɗai a ƙasan shafukan suna nuni zuwa wuraren da mai masaukin zai ji kunyar a ambata. Sai da muka sayi sabon adireshi muka faro daga tushe, allon ƙofa da katunan da aka riga aka buga duka suka tashi a banza. Saboda haka tun yau, kafin ma maganar SEO, ka tambayi wanda ya buɗe maka shafin bara da sunan wa aka yi rajistar adireshin da wurin ajiyar shafin. Idan adireshin naka yana ƙarewa da .ng ko .com.ng, ƙungiyar NiRA ce take kula da shi ta hannun dillalanta, kuma ya kamata sunanka da imel ɗinka su ne a kan rajistar. Duk wanda zai yi maka aiki, a buɗe masa asusu nasa daban mai iyakantaccen iko, wanda za ka iya rufewa ranar da kuka rabu. Ba a ba ɗan kwangila makullin gida gaba ɗaya don zai yi fentin zaure.

Adalci ya sa in faɗi wani abu da zai iya rikita ka. A gari irin Katsina takara a intanet ba ta kai ta Legas ko Abuja ba, domin shaguna da yawa ba su da shafi, waɗanda suke da shi ma sun bar shi kara zube. Don haka yana yiwuwa ƙaramin gyara ya ɗaga ka cikin 'yan makonni a kan wasu kalmomi na cikin gari. Wannan ba ya gaskata mai alkawarin, yana nuna maka ne cewa akasarin abin da kake buƙata ba ya cin naira 180,000, wani ma kyauta ne.

Abu mafi amfani ga shago irin naka shi ne Google Business Profile, wanda a da ake kira Google My Business, shi ne yake sa shago ya fito a taswira da lambar waya da lokutan buɗewa da hotuna. Buɗe shi kyauta ne, sai dai Google zai nemi tabbatar da cewa shagon naka ne, sau da yawa ta hanyar ɗaukar bidiyon wurin. Google ya ce abubuwa uku yake dubawa wajen jera shagunan kusa: dacewar shagon da abin da ake nema, nisansa daga mai nema, da kuma shahararsa. Nisa babu mai iya taɓa shi, wanda yake Funtuwa shagunan Funtuwa za a fara nuna masa. Dacewa tana samuwa idan ka zaɓi rukunin sana'a daidai ka jera kayanka. Shahara kuwa tana ƙaruwa da sharhin masu saye na gaskiya, saboda haka duk wanda ka haɗa wa sola ya ji daɗi, ka roƙe shi ya rubuta layi biyu, ko da Hausa ne. Kada ka yarda a sayo maka sharhin ƙarya, domin ya saɓa wa ƙa'idar Google, ana goge shi, kuma ana iya dakatar da shagon daga taswira.

A kan shafin naka kuma, ina kyautata zaton abin da ya hana shi kawo ciniki shi ne abin da ke damun yawancin shafukan da ake kawo mini: shafi guda mai manyan hotuna da kalaman maraba, babu bayanin da mai saye yake nema. Kowane nau'in kaya yana son shafinsa. Injin ban ruwa ya samu nasa, a faɗi ƙarfinsa, zurfin rijiyar da yake iya ja, faranti nawa yake buƙata, da ko kuna zuwa haɗawa har gona. Batura su samu nasu, a bayyana bambancin na lithium da na ruwa da tsawon garanti. A rubuta da Hausa da Turanci, kuma a tuna cewa mutanenmu suna rubutu a waya babu ƙugiya a haruffa, suna gauraya harsuna biyun a tambaya ɗaya. A rage nauyin hotuna, domin mai saye daga ƙauye da ƙarancin data da raunin sabis yake buɗewa, kuma Google da fuskar waya yake auna shafi. Wannan ilimin kayan yana kanka, Alhaji, ba ya kan wani mai SEO, shi ya sa na ƙwarai zai zauna da kai ya yi ta tambayarka kafin ya taɓa komai.

Wannan ma ita ce alamar farko da nake gane ma'aikacin kirki da ita. Yana tambayar wane kaya ne ya fi kawo riba, daga ina masu sayenka suke zuwa, ko kana kai kaya Daura da Mai'aduwa ko har Maraɗi, kafin ya yanka farashi. Wanda ya yanka farashi da wa'adi bai ko buɗe shafinka ba, kaya ɗaya yake sayar wa kowa. Na ƙwarai zai rubuta maka ayyukan da zai yi ɗaya bayan ɗaya cikin harshen da za ka gane, ba zai ce sirrin sana'a ne ba, kuma idan ka tambaye shi daga ina mahaɗai za su fito zai kira sunayen wuraren. Zai ba ka lambar mutum biyu ko uku da ya yi wa aiki, ka kira su, ka tambaye su ko ciniki ya ƙaru, ba ko sun ga sunansu a sama ba. Idan ya ce kamfani ne, ka duba sunan a shafin binciken hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ka kuma lura ko asusun bankin da ya turo yana ɗauke da sunan kamfanin. A kan lokaci kuma zai gaya maka abin da ba ka son ji. A wani bidiyon shawara da Google ya fitar a 2017, ma'aikaciyarsa Maile Ohye ta ce a mafi yawan lokuta mai SEO yana buƙatar wata huɗu zuwa shekara guda kafin a aiwatar da gyare-gyare a fara ganin amfaninsu.

Awon aikin ma kada ka bar shi a hannun wanda ake aunawa. Google Search Console kyauta ne, a buɗe shi da imel ɗinka, kai ka ba ma'aikacin izinin shiga. A ciki za ka ga kalmomin da mutane suka rubuta har shafinka ya bayyana, sau nawa aka gan shi, sau nawa aka latsa, da matsakaicin matsayinsa, kuma yana riƙe bayanan wata 16. A nan ne kuma za a sanar da kai idan an sa wa shafin takunkumi. Hoton fuskar waya da za a turo maka ba hujja ba ce, domin sakamako yana iya karkata ga wurin da mutum yake da abin da ya saba nema. Ka haɗa da awo irin namu na kasuwa: ka sa yaron shago ya riƙa tambayar duk sabon mai kira a ina ya samu lambar, ya rubuta a littafi. Bayan wata uku littafin nan zai gaya maka abin da rahoto mai launi-launi ba zai faɗa ba.

Idan kana son ka ba wannan mutumin dama, ka mayar masa da amsa cewa ya rubuto kalmomi goma da zai yi aiki a kansu, waɗanda babu sunan shagonka a ciki, ya faɗi ko akwai talla a cikin kuɗin, ya kawo misalin shafuka ashirin daga inda mahaɗan za su fito, ya kuma amince a biya shi wata-wata bayan ka ga aikin da aka yi, tare da sharaɗin cewa adireshi da asusun taswira da duk rubutun da aka yi naka ne ko kun rabu. Maganar mutanensa na cikin Google kuwa, ka ce ya rubuta ta a cikin yarjejeniyar ya sa hannu. Kafin amsarsa ta iso, ka buɗe Business Profile da Search Console a wannan makon, ka ɗauki hotunan shagon da rana, ka zauna da wanda ya gina maka shafin ku fara da shafin injinan ban ruwa tun kafin manoman rani su fara sayayya.